Zafin Nama da Zafin Kai: Darasin da Na Koya a Bakin Aiki

 

Da aka nemi in yi jawabi, sai na ga babu abin da ya fi dacewa in kawo gaban malamanmu irin wani kuskure da na tafka da Turanci, bayan kuwa ina taƙama da digiri.

Shekara uku ke nan, aka ba ni takardar rahoton shekara ta wani ƙaramin ma'aikaci da ke ƙarƙashina in cika. Yaro ne mai ƙwazo, ba ya barin mutane su daɗe a kan benci suna jira. Don in yaba masa sai na rubuta, "He is aggressive with members of the public." Ni a nufina yana da zafin nama. Kwamitin ƙarin girma kuwa ya karanta cewa yana da zafin kai, yana hantarar jama'a. Kafin a warware maganar, ƙarin girmansa ya wuce sai shekara ta gaba. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu. Na je har gida na ba shi haƙuri, ya kuma yafe, amma har yau abin yana ci mini rai.

Daga nan na koma ga ƙamus. Asalin kalmar "aggressive" daga Latin ne, ma'anarta a tunkari abu. To, me aka tunkara? Nan gizo ke saƙa. In aka ce "aggressive marketing", ɗan kasuwa ne ya dage wajen tallar hajarsa. In likita ya ce "aggressive treatment", magani ne mai ƙarfi don a ceci rai. Amma da zarar an haɗa ta da "behaviour", ko aka ce "aggressive with" wani, to an koma zancen faɗa da cin zarafi. Akwai kuma "passive-aggressive", wadda likitocin sojan Amurka suka yi amfani da ita a 1945 a kan sojan da ba zai ce ya ƙi umarni ba, sai dai ya yi ta jan ƙafa. Mu ma'aikatan gwamnati mun san irinsa, wanda fayil ke kwana wata guda a teburinsa.

Haka "hostile" take. "Hostile witness" ba mai ɗauke da makami ba ne, shaida ne da ya juya wa wanda ya kawo shi kotu baya.

Wani masanin harshe na Ingila, J. R. Firth, ya nuna a 1957 cewa ana gane kalma ne ta abokan tafiyarta. Hausawa sun riga shi: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mu ma ai "zafi" ɗaya ne, amma zafin nama yabo ne, zafin kai kuwa aibi.

Saboda haka 'yan'uwa, da yawanmu yanzu alƙalaminmu na taɓa abincin wasu. Kafin mu sa hannu a takarda, mu dubi kalma, mu dubi maƙwabciyarta. In da shakka, mu ɗauki mai sauƙi. Da "hardworking" na rubuta, da ban ja wa bawan Allah asara ba.

Malamanmu na Turanci, kun sha gaya mana mu riƙa karanta misalan da ke ƙarƙashin kalma a ƙamus, muka yi kunnen ƙashi. Ku gafarce mu. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.