Sabunta Fasfo Tun Tafiya Ba Ta Ƙarato Ba

Jawabi ga jama'ar Dusuman, Ƙaramar Hukumar Jere, Jihar Borno

  Maganar da ta tara mu yau ita ce ta fasfo, watau ɗan littafin nan kore wanda Gwamnatin Tarayya ke ba ɗan ƙasa domin ya fita waje, da yadda za a sabunta shi in wa'adinsa ya cika.

Tafiya ba baƙon abu ba ce ga mutanen Borno. Tun kafin zuwan jirgin sama, ta Maiduguri mahajjatan Kano da Sakkwato da na ƙasashen yamma suke bi, su kama hanyar Dikwa, su shiga ƙasar Cadi, su ratsa Darfur har Hartum, sa'an nan su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Waɗansu sukan yi shekaru a hanya. Yau kuwa alhaji yakan tashi daga filin jirgin Maiduguri ya sauka Saudiyya a yini guda. Sai dai abin da sauƙin ya zo da shi shi ne, takarda ce ke buɗe hanya, ita ce kuma ke rufe ta.

Ga abu na farko da nake roƙon kowa ya riƙe. In ka buɗe shafin da hotonka yake, za ka ga ranar da aka ba da fasfon, da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Mutane da yawa suna zaton muddin wannan rana ta biyu ba ta zo ba, to, fasfo yana da rai. Ga matafiyi ba haka abin yake ba. Saudiyya, da Masar, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa inda Dubai take, da waɗansu ƙasashe masu yawa, ba su karɓar baƙo sai in fasfonsa yana da sauran wata 6 a gaba. Yawancin ƙasashen Turai, irin su Faransa da Jamus, suna son ya kasance da sauran wata 3 bayan ranar da baƙon zai bar ƙasarsu, da kuma shafi 2 da ba a buga musu hatimi ba. Ashe ke nan fasfo yakan mutu wa mai tafiya wata 6 kafin ranar da aka rubuta a jikinsa. Ma'aikacin jirgi kuwa ba zai saurari magiya ba, domin in ya ɗauki fasinjan da takardunsa ba su cika ba, kamfaninsa ne za a tilasta wa ya komo da shi, wani lokaci har da tara.

Saboda haka lissafin tafiya daga baya ake fara shi. A ce mutum yana da niyyar tashi ran 1 ga watan Yuni. Lalle ne fasfonsa ya kai aƙalla 1 ga watan Disamba bai mutu ba. In ba zai kai ba, sabon fasfo ya zama dole. Biza kuma ba a neman ta sai da sabon fasfon a hannu, ita ma tana cin makonni. Maniyyaci ma ya fi kowa matsuwa, domin Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jiha takan tattara fasfo watanni kafin a fara jigila, ta miƙa bayanai ga Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda ita kuma tana bin wa'adin da Saudiyya ta yanka. Kada a manta kuma aikin Hajji yana matsowa gaba da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Mai tafiyar Yuni, in yana son barci da ido biyu rufe, a watan Janairu ya kamata ya fara. Ba kuwa sai an jira fasfo ya mutu murus ba: da zarar ya rage wata 6, a nufi sabuntawa.

Aikin ba da fasfo yana hannun Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. A cikin 2007 ta soma ba da fasfo mai ɗauke da hoton yatsu da na fuska a cikin wata 'yar na'ura da aka manne a littafin, a cikin 2019 kuma aka fito da sabon samfuri mai wa'adin shekara 10. Game da lokacin jira, a cikin 2021 Ma'aikatar ta yanka mako 6 ga mai neman fasfo karo na farko, mako 3 ga mai sabuntawa. Gaskiya ce ba kullum aka cika wannan alkawari ba, har ya zamana a cikin 2023 fasfo fiye da 200,000 sun taru ba a buga ba, sai da Minista Olubunmi Tunji-Ojo ya ba da umurni aka sauke su cikin 'yan makonni. An sami sauƙi tun daga lokacin, amma mai hankali yakan ƙara wa lissafinsa kwanaki, domin na'ura takan tsaya, layin sadarwa yakan yanke, cunkoso kuma yakan yi yawa gab da Hajji da lokacin komawar ɗalibai makarantun waje.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi kowane abu tsare mutane, watau lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda aka sani da NIN. Ba a yin fasfo, sabo ko sabuntawa, sai da ita. Kuma ba samun lambar kaɗai ba, sai abin da ke rubuce a kanta ya yi daidai da abin da ke cikin tsohon fasfo, harafi da harafi: suna, da jerin sunayen, da ranar haihuwa. A nan ƙasar Borno abin yana da saurin faruwa. Mutum sunansa Abubakar a fasfo, amma ranar da aka yi masa rajistar katin ɗan ƙasa ya ce Bukar, domin da shi aka san shi. Muhammadu ya zama Modu, Fatima ta zama Falmata. Mu duk mun san mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san haka ba, mutum biyu take gani. Haka nan dattijon da aka ƙiyasta masa shekaru sau biyu a wurare biyu, aka rubuta 1958 a nan, 1960 a can.

In an sami irin wannan saɓani, ofishin fasfo ba shi da ikon taɓa bayanan NIN. Sai an koma ga hukumar da ke ba da katin ɗan ƙasa an nemi gyara, an biya kuɗinsa, an jira gyaran ya bayyana. In kuwa bayanin da ke cikin fasfon ne ake son canzawa, wannan wani aiki ne dabam, mai bukatar takardar rantsuwa ta kotu da waɗansu shaidu, ya kuma fi sabuntawa ɗaukar lokaci nesa ba kusa ba. Don haka yau ɗin nan, in kun koma gida, ku ɗauko takardun nan biyu ku jera su, ku sa wani yaro mai karatu ya duba muku su layi bayan layi. Aikin minti biyar ne.

In komai ya daidaita, sauran hanyar miƙaƙƙiya ce. Tun watan Janairu na 2024 ta intanet ake cika takardar nema, a shafin Hukumar mai adireshi passport.immigration.gov.ng. A can za a sa lambar NIN da ta tsohon fasfo, a ɗora hoto da takardun da aka nema, a biya kuɗi, a zaɓi ofishi da ranar zuwa. Wanda bai iya ba ya nemi ɗansa ko wani amintacce, amma ya zauna kusa da shi, a karanta masa abin da aka rubuta kafin a aika, ya kuma tabbata lambar wayarsa aka sa. Ranar da aka ba shi sai ya tafi ofishin fasfo na Maiduguri da kansa, da tsohon fasfo da rasit, a ɗauki hotonsa da yatsunsa. Ba a wakilci a wannan.

Kuɗin fasfo a cikin gida, tun daga 1 ga watan Satumba na 2025, Naira 100,000 ne ga mai shafi 32 na shekara 5, Naira 200,000 ga mai shafi 64 na shekara 10. Shekara guda kafin nan rabin haka ne. A ganina, ɗan kasuwa da ɗalibi da duk mai yawan fita, in da hali, gara ya yi na shekara 10. Kuɗin kowace shekara ɗaya ne, amma ya huta da wahalar sabuntawa sau ɗaya, ya kuma tsere wa ƙarin farashi. Ko yaya dai, kuɗin da shafin Hukumar ya nuna a ranar biya shi ne kuɗin, kuma ta banki yake shiga asusun gwamnati. Ba a miƙa wa kowa tsaba a hannu, ko da kuwa yana sanye da kayan sarki.

Wannan ya kawo mu ga masu tsayawa a bakin ƙofa suna cewa su suka san hanya. Kasuwarsu ba ta ci sai a kan wanda ya makara. Wanda jirginsa ya rage kwana 10 shi ne zai sayar da buhunan shinkafarsa ya ba dillali ninki biyu, kuma sau da yawa dillalin shi ne mai cika takarda da gaggawa ya sa kuskuren da zai ci wata guda ana gyara. Ku sani kuma, bisa ga Dokar Shige da Fice ta 2015, ba da bayanin ƙarya domin samun fasfo laifi ne mai hukuncin tara ko ɗauri, mai sunan kuma yana cikin waɗanda za a tuhuma.

Akwai waɗanda nasu fasfon ba mutuwa ya yi ba. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 ta ci takardun jama'a masu yawa a Maiduguri da nan Jere, Allah ya mayar da alheri. Fasfon da ya jiƙe har shafukansa suka manne, ko hoton ya dushe, ba abin tafiya ba ne ko da wa'adinsa bai cika ba. A kai shi yadda yake, kada a ce za a gyara shi da gam a gida. Wanda nasa ya ɓata ɗungum sai ya samo rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu, ya faɗi gaskiya cewa ya taɓa yin fasfo. Masu zuwa su ce ba su taɓa yi ba, yatsunsu ne ke tona su. Wannan hanya ta fi ta sabuntawa tsawo, sai a ƙara mata lokaci.

Mai tafiya da iyali ya duba fasfon kowa ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa na maigida yana da rai, na uwargida ne ya mutu a ƙasan akwati. Yaro, ko jariri ne, nasa dabam ake yi masa, da takardar haihuwa da takardar amincewar iyaye. Masu fatauci zuwa maƙwabta kuma su lura: takardar tafiya ta ECOWAS ta ƙasashen ƙungiyar ce, Cadi da Kamaru ba su cikinta, Nijar ma ta fice a watan Janairu na 2025. Fasfo mai rai ya fi kwanciyar hankali a bakin iyaka.

Ranar karɓa, kada farin ciki ya sa ka fita ba ka duba ba. Karanta suna da ranar haihuwa tun kana gaban ma'aikaci. Tsohon fasfon ma ka adana shi, domin ofisoshin jakadanci sukan so ganin tafiye-tafiyen da ka yi a baya. Ka ɗauki hoton shafin bayananka ka ajiye a waya, ka bar kwafi a gida. In kuwa ɗanka yana waje fasfonsa ya mutu, ofishin jakadancin Nijeriya na ƙasar shi ne wurin zuwa.

Saura katin rigakafi, wanda ake kira katin rawaya. Allurar shawara ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, Saudiyya kuma tana neman shaidar rigakafin sanƙarau daga mahajjata. A yi su tun ana jiran fitowar fasfo.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu, za mu fara da iyaye mata.