Gidan Haya: Abin da Ya Kamata Mai Farawa Ya Sani

Mai girma shugaban taro, malamanmu da suka yi ɗawainiyar tarbiyyarmu, shugabannin wannan ƙungiya mai albarka, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai. Ina godiya da damar da aka ba ni in yi ɗan tsokaci a kan yadda mutum zai fara sa jari a gidan haya.

Da yawa daga cikinmu ma'aikatan gwamnati ne, kuma kowa ya san akwai ranar da ma'aikaci zai ajiye aiki, ko bayan shekara 35 ko kuwa idan ya cika shekara 60 da haihuwa. Mun kuma ga yadda darajar naira ta zube a 2023, har kuɗin ajiya ya rasa albarka. Wannan ne ya sa mutane ke karkata ga ƙasa da gini. To amma harka ce mai son haƙuri da lissafi, domin kuskure guda yana iya cinye gumin shekara goma.

Abu na farko shi ne lissafi. Bari in ba da misali kawai. A ce ka sayi gida a kan naira miliyan 20, 'yan haya suna biyanka miliyan 1 da dubu 200 a shekara. Ka cire dubu 200 na gyaran kwano, fenti, kwashe masai da watannin da wani ɗaki zai zauna ba kowa. Abin da ya rage miliyan 1 ne, wato sai ka yi shekara 20 kafin haya ta mayar maka da uwar kuɗinka. Ribar gida rabi tana cikin haya, rabi tana cikin tashin darajarsa. Saboda haka kada wanda ya ci bashi mai nauyi yana zaton haya za ta biya masa. Gara a fara da adashi, ko ƙungiyar gama kai ta ofis, a sayi fuloti, a zagaye shi, a gina ciki da falo guda biyu ko shago, sauran kuma sai hali ya yi. Wanda zai nemi banki amma yana gudun riba, tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki ba da kuɗin ruwa ba, wasu kuma sun biyo baya.

Abu na biyu, wanda ya fi kowane muhimmanci, shi ne takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna amana. Abin da kake samu izinin zama ne, galibi na shekara 99, wato takardar shaidar mallaka, kuma sayar da fili mai irin wannan takarda sai da amincewar gwamna. Don haka kafin ka biya ko sisi, je ofishin ƙasa ka bincika: a Kano akwai KANGIS, a Kaduna akwai KADGIS. Ka tabbatar sunan da ke takarda shi ne na mai sayarwa, kuma ba a jinginar da gidan a banki ba. Idan filin awon igiya ne, ka bi ta wurin mai unguwa da dagaci da maƙwabta, ka san ba a kan hanya ko magudanar ruwa yake ba. Idan gidan gado ne, kada ka yarda da bakin ɗa guda, sai an raba gado, magada duka sun sa hannu a gaban shaidu. Dillali la'adarsa yake nema, da ya karɓa ya tafi, kai za a bari da shari'a. Ɗauki lauya tun farko, sannan ka nemi izinin gini daga hukumar tsara birni kafin a aza bulo. Tun ran gini tun ran zane.

Abu na uku, wuri. Ka je unguwar da damina ka ga inda ruwa ke kwanciya. Ka tambayi batun ruwan sha da wuta da tsaro. Gida kusa da jami'a, asibiti ko kasuwa ba ya rasa mai shiga.

Abu na huɗu, zama da 'yan haya. A rubuta yarjejeniya ko da ɗan uwanka ne: nawa ne kuɗin, yaushe za a biya, wa zai yi gyara. Ka ba da rasit, ka sa wa kowane sashe mitarsa ta wuta idan da hali. A yawancin jihohi, in ba a rubuta wani abu daban ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata guda ake ba shi, mai biyan shekara kuwa wata shida, sa'an nan kwana bakwai kafin a je kotu. Cire wa mutum ƙofa ko watsa masa kaya waje saɓa doka ne, kuma zalunci ne. Mu tuna yawancinmu a haya muka fara.

Daga ƙarshe, ga 'yan uwana ma'aikata: tsarin mulki na 1999 ya wajabta mana bayyana kadarorinmu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Duk gidan da ka saya, ka rubuta shi, kuma ya zama daga halaliyarka ne, yadda za ka iya bayaninsa ko a gaban wa.

Shawarata ga shugabanni ita ce, tunda a cikinmu akwai lauyoyi da injiniyoyi da masu safiyo, a kafa ƙaramin kwamiti da zai riƙa duba wa 'yan ƙungiya takardu kafin su saya.

Allah ya sa mu dace, ya albarkaci abin da muke nema.