JAWABI KAN ABINCIN DA A KE CI A ASIBITI

Wannan jawabi ya shafi abincin da a ke sayarwa a manyan asibitocin ƙasar nan, da kuma wanda 'yan dubiya su ke kai wa marasa lafiya.

A ɗauki misali da Azare, hedikwatar masarautar Katagum a Jihar Bauchi. A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya a garin, ga kuma babban asibitin Tarayya, wanda jama'a su ke zuwa daga Jama'are, Misau, Gamawa da Shira. Wanda ya kawo ɗan'uwansa jinya daga ƙauye ya bar murhunsa a gida, dole ya sayi abin da ya tarar. Shi ya sa duk inda asibiti ya bunƙasa, masu abinci su kan biyo shi: mai shayi, mai tsire, mai soyayyar kaza, da mai lemon kwalba. Neman halal su ke yi. Amma abin da ya dace da matafiyi a tasha, ba lalle ne ya dace da mai kwanciya a gadon asibiti ba.

Ga dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum zai ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da yajin tsire duk cike su ke da gishiri. Sukari kuwa kada ya wuce kimanin ƙananan cokula 12, alhali kwalbar lemo ɗaya ta kan ƙunshi wajen 9. Mai hawan jini ko ciwon sukari da ya sha ƙwaya da safe, da yamma aka ɗura masa waɗannan, an rushe aikin likita.

Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. A Amurka, babban asibitin nan na birnin Cleveland, wanda ya shahara wajen aikin zuciya, ya rufe shagon McDonald's da ke cikinsa a 2015, domin bai kamata gidan magani ya riƙa sayar da abin da likitocinsa su ke hanawa ba. A nan gida kuma, Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi.

Saboda haka a na kira ga masu jinya da su tambayi likita ko nas abin da majinyacinsu zai iya ci kafin su saya. 'Yan dubiya su riƙa kai ruwa mai tsabta, da ƙosai ko ɗanwake maras yawan mai, da tuwo da miyar kuka ko zogale mai ƙarancin gishiri, da kunu ba sukari. Masu sayarwa su rufe abinci, su daina maimaita suya da tsohon mai. Hukumomin asibitoci kuwa su duba abin da a ke sayarwa a harabarsu kafin su ba da rumfa haya.

Dubiya zumunci ce, kada ta zama sanadin tsawaita jinya. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.