Lacca a Kan Shirin Asibiti Domin Yara Ranar Babban Haɗari

Jama'a, kowace asibiti ta saba da majiyyata masu zuwa ɗaya bayan ɗaya. Amma akwai ranar da gini kan rushe, ko wuta ta tashi, a kwaso masu rauni da yawa cikin sa'a guda, kuma da yara a cikinsu. Abin da ya faru a birnin Mancesta na Ingila ya isa misali.

Ran 22 ga Mayu, 2017, wajen ƙarfe 10 da rabi na dare, wani ya tayar da bam a babban ɗakin wasa na birnin, daidai lokacin da 'yan kallo ke fita. Mutum 22 suka rasu, ƙaramar cikinsu shekararta 8. Aka rarraba masu rauni asibitoci dabam dabam, yara aka kai su asibitin yara ta birnin. Can likitoci suka yi wata dabara mai kyau, watau iyayen da suka ji rauni aka kwantar da su kusa da 'ya'yansu, don hankalin kowa ya kwanta. Amma binciken da alƙali Sir John Saunders ya shugabanta ya bayyana cikin 1922 da ɗari, watau 2022, cewa taimako ya yi jinkiri a wurin haɗarin. 'Yan kwana-kwana ba su iso ba sai bayan sa'a 2.

To, me ya sa yaro ke bukatar shiri nasa na musamman? Da farko jininsa kaɗan ne. Yaro mai nauyin kilo 20 jinin jikinsa duka bai kai lita 2 ba, saboda haka zubar da babba zai jure ita ke kashe shi. Sa'an nan jikinsa kan ɓoye wahala, a gan shi kamar da sauƙi, sai farat ɗaya ya sume. Sanyi kuma na saurin kama shi. Magani kuwa gwargwadon nauyinsa ake ba shi, ga shi ran haɗari ba wanda ke da sukunin ɗora shi bisa sikeli. Don haka wani likita na Amurka, James Broselow, ya ƙago wani ma'auni mai launi-launi, a gwada tsawon yaro da shi a san kimanin nauyinsa. Wata likita kuma, Lou Romig, cikin 1995 ta tsara hanyar tantance yara masu rauni. Kadan an sami yaro ba ya numfashi amma jijiyarsa na bugawa, ba a fid da rai sai an hura masa numfashi sau 5.

Aikin mahukunta ke nan tun kafin ranar ta zo. A tanadi allurai da bututun numfashi daidai da yara, da barguna, da jini. A sa malami mai rubuta kamannin kowane yaro da tufafinsa, gama jinjiri ba ya faɗin sunansa, iyaye kuwa za su zo nema. A rubuta tun yau wace asibiti za ta karɓi wa. A riƙa gwada shirin lokaci lokaci tare da 'yan sanda da direbobin motar asibiti, har kowa ya san wurin tsayawarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyashe mu da irin wannan rana, amin.