Sayen Gida a GRA: Jawabi ga 'Ya'yan Zakka



Mai girma Shugaban wannan ƙungiya, iyayenmu sarakuna, malamai, dattawa, iyaye mata da matasa, ina yi muku barka da zuwa wannan taro mai albarka. An umarce ni da in yi tsokaci a kan sayen gida a unguwannin masu hali, irin su GRA ta Katsina, da Nassarawa ta Kano, da Maitama ta Abuja.

Asalin GRA matsugunin Turawan mulki ne. Dokar garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar fili na yadi 440 tsakanin gidajensu da na 'yan ƙasa. Da suka tafi, manyan ma'aikata da attajirai suka gaje ta, kuma tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 darajar filayenta take ta hauhawa. A shekarun nan da ta'adin 'yan bindiga na dajin Rugu ya addabi Safana da Batsari, da yawa daga cikinmu sun koma birni. Ba mai zargin wanda ya gudu da iyalinsa. Abin da nake jan hankali a kai shi ne sayar da gonar gado domin mallakar gida a unguwar da ta fi ƙarfin aljihu.

Da farko, mu san abin da ake saya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna. Abin da mai gida ya mallaka izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma akwai kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara. Sashe na 22 ya ce cinikin irin wannan fili bai tabbata sai da amincewar gwamna. Sashe na 28 kuwa ya ba shi ikon soke izinin saboda amfanin jama'a. Don haka takardar mai unguwa da sa hannun dillali ba su wadatar ba. A je ma'aikatar filaye a binciki takardar mallaka, a tabbatar gidan ba ya jingine a banki, kuma hukumar tsara birane ta amince da ginin. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu gaban shaidu. Rusau ɗin da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya isa darasi ga mai cinikin biri a sama.

Na biyu, sayen gida daban, riƙe shi daban. Akwai albashin mai gadi, da haƙa rijiyar burtsatse, da man janareta wanda ya yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafi a 2023. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yuni. Gona tana ba da gero, da dawa, da gyaɗa kowace damina. Gidan da mutum yake ciki kuwa ci yake yi, ba ya haihuwa. Wanda ya sayar da abin da ke ciyar da shi ya sayi abin da zai ciyar, ya shirya wa 'ya'yansa talauci cikin katanga mai fenti.

Shawarata ita ce: mai hali ya saya da ribar sana'arsa, bisa takarda sahihiya. Mai ƙaramin ƙarfi ya kama haya ko ya nemi fuloti a bayan gari, daidai ruwa daidai tsaki, ya bar gonarsa aro ko haya a hannun ɗan'uwa. Ƙungiya kuma ta kafa kwamiti na lauyoyi da safiyoyin garinmu da za su riƙa duba wa 'yan'uwa takardu kafin a biya ko sisi. Fitina tana da ranar ƙarewa, amma gonar da aka sayar da arha ba ta dawowa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya albarkaci Zakka da zuriyarta.