Dorugu Ma Ya Zo Wurno

Shugaban taro, iyayenmu hakimai, malamai da ɗaliban Goronyo, na gode da gayyata. Lokacin kaɗan ne, bari in shiga magana.

A 2024 wani marubucin Amurka, Percival Everett, ya fitar da littafi mai suna James. Tsohon labarin Mark Twain ya ɗauko, Huckleberry Finn na 1884, inda wani yaro farar fata da wani bawa, Jim, suka tsere ta kogin Misisipi. Shekara 140 ana jin labarin daga bakin yaron. Everett ya miƙa wa bawan magana, sai ga shi ashe ya iya karatu da rubutu a ɓoye, wautar da yake nunawa gaban iyayen gijinsa garkuwa ce kawai. Littafin ya ci lambar Pulitzer a 2025. Abokan aikina sun yi ta yabo. Da na ce mu ma akwai irin wannan bashi a kanmu, sai aka yi tsit.

Wurno ba sai na gabatar muku ba, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, can kabarinsa yake tun 1837. Kun kuma san Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Wurno a 1853 zamanin Aliyu Babba, ya sake biyowa a 1854 daga Tumbutu. Duk mai rubuta tarihin ƙasar nan sai ya leƙa juzu'ai 5 na littafinsa.

To, a cikin ayarin Barth akwai wani yaro Bahaushe, Dorugu, ɗan ƙauyen Dambanas ta wajen Kance a ƙasar Damagaram. An kama shi yana ƙarami, aka raba shi da iyayensa, ya yi ta sauya hannu har Kukawa, inda Overweg, abokin tafiyar Barth, ya 'yanta shi. Ya bi Barth har Tumbutu, ya bi shi Ingila a 1855. A can ya zauna ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a Magana Hausa a 1885. Ya dawo gida, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa, ya rasu a Kano a 1912. A 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarin da Turanci. Ɗalibi a London zai iya karanta Dorugu yau. A ajin sakandare na Rabah ko Goronyo, mutum nawa suka taɓa jin sunansa?

Ku duba abin da marubuci ke da shi a hannu. Barth yana zaure yana gaisawa da manya. Dorugu yana waje wurin raƙuma da kaya, tsakanin masu ɗebo ruwa da bayin gandu da ke dawowa daga fadamar Rima, yana jin harshensu, ya kuma san ɗacin abin da suke ciki domin bai daɗe da fita ba. Gari ɗaya, rana ɗaya, amma abin da idonsa ya gani daban ne. Everett sai da ya ƙago wa Jim murya. Namu ya bar tasa a rubuce.

Bayin nan kuwa ba kaɗan ba ne. Masana Lovejoy da Hogendorn sun ƙiyasta bayin daular Sakkwato wajen 1900 tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. Dokar Turawa ta 'yanta waɗanda aka haifa daga Afrilun 1901 ne kawai, ba a soke bautar gaba ɗaya ba sai 1936. A cikin waɗanda aka murƙushe a Satiru a 1906 akwai gudaddun bayi.

Ana ce mini wannan tone-tone ne, wai cin fuskar magabata. Ai bautar da 'ya'ya Musulmi na cikin abubuwan da Shehu da kansa ya yi kuka a kansu. Ana cewa akwai murgu da fansa, akwai bayin sarki masu sarauta. Gaskiya ne, amma bai mayar wa uwa ɗanta ba. Ana kuma nuna mini littafin Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa. Na 1934 ne, sama da shekara 90 ke nan muna fakewa da littafi ɗaya.

Abin da nake nema na daɗe ina faɗa. A sake buga labarin Dorugu da rubutun Hausa na yau, a sa shi cikin manhajar sakandare. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu su tura ɗalibai su naɗi abin da dattawan Wurno, Rabah da Goronyo suka ji daga kakanninsu game da rinji da gandu, a sakaya sunayen gidaje don kada a tozarta kowa. Ku kuma matasa masu alƙalami, ɗayanku ya ɗauki zuwan Barth Wurno ya rubuta mana shi daga bakin Dorugu.