Gano Masu Ɗauke da Cutar Lanƙwashewar Ƙashi ta Gado



Duk wanda ya yi aiki a ɗakin yara ya san wannan yaron. Ya kai shekara uku, ƙafafunsa sun yi baka ko sun yi gwame, wuyan hannunsa ya yi kauri, in ka shafa haƙarƙarinsa sai ka ji ƙulle-ƙulle a jere kamar carbi. Likitoci na kiran cutar rikets. A ƙasarmu Nijeriya mafi yawanta daga abinci take. Binciken da Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna yaran suna samun kimanin miligiram 200 kacal na kalsiyam a rana, kuma kalsiyam ya fi bitamin D kaɗai warkar da su. Rana dai, tushen bitamin D, ba mu rasa ta ba.

Yau ina magana ne a kan 'yan kaɗan ɗin da ake ba magani wata da watanni ƙashin bai miƙe ba. A nan ya kamata likita ya fara tambayar dangi.

Bitamin D ba ya aiki sai ya bi ta hanta, sannan ƙoda. A kowane zango akwai ƙwayar gado da ke kula da sarrafa shi. Ta hanta sunanta CYP2R1, kuma a jikin wani yaro ɗan asalin Nijeriya aka fara gano lalacewarta, a 2004. Daga baya, a 2015, aka same ta a wasu iyalai biyu a Nijeriya, har aka lura cewa masu ɗauke da ƙwaya ɗaya ma jininsu ba ya karɓar bitamin D yadda ya kamata, duk da nasu da sauƙi. Ta ƙoda kuwa, CYP27B1, lalacewarta ta yi yawa a yankin Saguenay na Kanada, inda jama'ar suka fito daga tsatson iyalai kaɗan.

Lissafin gadon ba baƙo ba ne a wurinmu, domin shi ne na sikila. Uwa na ɗauke da ƙwaya ɗaya, uba na da ɗaya, dukansu garau, amma kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na haifar mai cutar. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar ƙwayoyin biyu, tunda kaka ɗaya ta raba wa jikoki.

Akwai wani nau'in da ke bin hanya dabam, wanda ƙoda ke zubar da fosfet a fitsari. Ƙwayarsa PHEX ce, an gano ta a 1995, yana kama kusan mutum ɗaya cikin 20,000. Uba mai shi zai ba dukan 'ya'yansa mata, ba zai ba ɗa namiji ko ɗaya ba. Uwa kuwa, kowane ɗa ko 'ya, rabi da rabi ne. Mai ɗauke da wannan ba ya ɓuya sosai: uwar da ta kawo yaron wataƙila gajeriya ce fiye da 'yan uwanta, tana fama da ƙurjin haƙori ba tare da kogo ba, an daɗe ana ce mata halittarta ce. Ku dube ta. Ku auna fosfet ɗin jininta da na ƙannen yaron.

Na san gwajin ƙwayar gado yana da tsada, sau da yawa sai an aika jini waje. Amma takarda da biro sun isa a zana dangi har kakanni, a rubuta wa ya auri wa, wa ya yi jinkirin tafiya. Wannan zanen shi zai nuna wa za a kashe wa kuɗin gwaji.

Roƙona ɗaya ne. In sakamako ya fito, a zaunar da miji da mata tare. Sau da yawa uwa ake ɗora wa laifi, har a kai ga saki, alhali a nau'in farko rabin gadon daga uban ya zo. Ku faɗa masa haka da bakinku, a gabanta, sannan ku sa musu ranar kawo jaririn da ke goye kafin ya fara tsayuwa.